Awo a Dantse, Amsa a Cinya: Tarihin Wani Hawan Jini na Matasa

Cikin kowane jarirai 10,000 da aka haifa da rai, kimanin 4 suna zuwa duniya da babbar jijiyar jininsu a tsuke a wuri guda, kuma maza sun fi mata yawa a cikinsu. Jijiyar ita ce wadda likitoci ke kira awota. Daga ɓangaren hagu na zuciya take fitowa, ta hau sama, ta lanƙwasa ta sallami rassan da ke kai jini kai da hannuwa, sannan ta gangara ta bayan ƙirji ta shayar da hanji da ƙoda da ƙafafu. Tsukewar ta fi zama daf da inda reshen hannun hagu ya rabu, wato bayan kai da hannuwa sun riga sun karɓi rabonsu. Duk wanda ya taɓa taka tiyo ana cikin ban-ruwa ya san abin da ke biyo baya: bayan ƙafarsa tiyon ya kumbura ya yi tauri, gabanta kuwa ruwa sai tsiyaya. Haka jinin mai wannan larura yake hawa a sama ya yi rauni a ƙasa. Yaro ne ko saurayi da ake gani garau, wataƙila yana yawan ciwon kai ko haɓo, ƙafafunsa na sanyi, ƙwaurinsa na saurin gajiya in ya yi gudu, in kuma aka ɗaura masa abin awo a dantse sai a ga lambar da ta fi dacewa da kakansa. Littattafan tarihin tiyata sukan ba da labarin wannan ciwo a matsayin nasarar wuƙa, su rataya komai a wuyan wata rana ta 1944 a Stockholm. Ranar ta cancanci yabon da ake yi mata. Amma wanda ya bi labarin tun daga farkonsa har zuwa abin da ya faru da waɗanda aka yi wa aikin bayan shekara talatin zai ga cewa makomar mai ciwon ta fi rataya a kan shekarun da aka gano shi, kuma ganowar tana hannun wata ƙaramar al'ada da sana'ar likitanci ta sani tun da daɗewa ta kasa riƙe ta: a taɓa bugun jini a gindin cinya.

Masu feɗe gawa ne suka fara ganin abin. Giovanni Battista Morgagni na jami'ar Padua a Italiya, a babban littafinsa na 1761 kan mazaunin cututtuka a jikin mutum, ya ambaci gawar da ya tarar da babbar jijiyarta a matse. Bayanin da ya fi cika ya fito ne a 1791 daga wani mai shirya gawa don koyar da ɗalibai a asibitin Hôtel-Dieu na birnin Paris, wanda shi ma sunansa Paris. Gawar wata mata ce mai kimanin shekara 50. Ya tarar jijiyar ta ƙanƙance a wurin nan har ba ta wuce kaurin alƙalamin gashin tsuntsu ba, amma abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne sauran jijiyoyin ƙirji. Waɗanda ke bin ƙarƙashin haƙarƙari da gefen ƙashin ƙirji da kewayen allon kafaɗa, da a jikin kowa sirara ne, a jikinta sun yi kauri sun nannaɗe. Jiki ya ƙi yarda ƙafafu su mutu da yunwa, sai ya faɗaɗa ƙananan hanyoyi jini ya kewaye wurin da ya tsuke ya sake faɗawa babbar jijiya daga ƙasa. Wannan kewayen ne ya raya matar nan shekara hamsin, kuma shi ne ke ɓoye ciwon har yau. Tunda ƙafafu na samun abin da zai ishe su tafiya, babu abin da zai sa mutum ko iyayensa su yi zargin ƙirji.

Ba a jira wata na'ura ba kafin a iya gane ciwon a jikin mai rai. A 1835 wani likitan Faransa mai suna Legrand ya gano shi a jikin majiyyaci yana numfashi, da ido da kunne da yatsu. Ke nan ilimin yana nan shekara sittin kafin a sami abin awon jinin da muka sani. A 1733 Stephen Hales, wani limamin coci a Ingila, ya auna ƙarfin jinin goɗiya ta hanyar soka bututu a jijiyarta ya ga inda jinin ya tsaya a dogon gilashi, hanyar da ba mai yarda a yi masa. Sai 1896 Scipione Riva-Rocci a Turin ya fito da maɗaurin roba da ake hura wa iska a dantse, haɗe da gilashin zaiba. Harvey Cushing ya gan shi a Italiya a 1901 ya kai shi Amurka, a 1905 kuma Nikolai Korotkov, likitan soja a Rasha, ya nuna yadda ake sauraren sautin jijiya a gwiwar hannu a fitar da lamba ta sama da ta ƙasa. Dantse aka zaɓa don dalilai masu kyau. Yana kusa da zuciya, ƙashi ɗaya ne a cikinsa, kuma naɗe hannun riga bai kai tuɓe wando nauyi ba. Kamfanonin inshorar rai na Amurka suka rungumi awon tun farkon ƙarni na 20 don su san wa zai daɗe wa zai yi saurin tafiya, kuma abokan cinikinsu manya ne masu albashi. Da haka al'adar ta kafu a kan hannu ɗaya na babban mutum. A 1911 wani likitan Jamus, Erich Frank, ya raɗa wa hawan jinin da ba a san dalilinsa ba suna na musamman, kuma da yake shi ne mafi yawa nesa ba kusa ba, sai ya zama shi ne hawan jinin da likita ke tsammani tun kafin ya hura iska. Na'urar da ta fi kowace iya tona asirin tsukewar awota, in da za a ɗaura ta a hannu a kuma ɗaura a ƙafa, sai aka saba da tsayar da ita a rabin aikinta.

Wadda ta tattara warwatsattsun rahotannin ta mai da su ilimi ita ce Maude Abbott ta Montreal a Kanada. Jami'ar McGill ta ƙi ɗaukarta karatun likita saboda mace ce, ta je ta yi a kwalejin Bishop ta gama a 1894, daga baya McGill ɗin ta ba ta riƙon ɗakin ajiye gaɓoɓin da aka jiƙa a kwalabe don koyarwa. A cikin kwalaben nan ta zama wadda ta fi kowa sanin nakasar zuciya ta haihuwa a zamaninta. A 1928 ta buga nazarin gawarwaki 200 na masu tsukewar awota da suka wuce shekara 2 da haihuwa, ta nuna yadda suke mutuwa. A shekarar nan da wadda ta biyo ta, Hugo Rösler a Vienna, sannan Railsback da Dock a Amurka, suka nuna alamar da ke fita a hoton ƙirji: jijiyoyin nan da suka kumbura suna bugun ƙasan haƙarƙari shekara da shekaru har su ci ƙashin, gefensa ya fito da 'yan giɓi-giɓi. Lissafin da aka fi ambato shi ne na Maurice Campbell na Landan a 1970, wanda ya haɗa alƙaluman Abbott da na waɗanda suka biyo bayanta. Cikin waɗanda suka tsallake shekarun farko ba a yi musu aiki ba, kashi ɗaya cikin huɗu sun mutu kafin shekara 20, rabi kafin 32, kashi uku cikin huɗu kafin 46, matsakaicin shekarun mutuwa kuwa 34. Kimanin kashi 25 cikin 100 zuciya ce ta gaza, kashi 21 jijiyar ce ta tsage, kashi 18 ƙwayoyin cuta ne suka kama murfin zuciya ko bangon jijiya, kusan kashi 12 kuma jini ne ya fashe a cikin kai. Mutuwa ce ta masu ƙarfi a jika, sau da yawa ta farat ɗaya.

Za a iya yi wa likitocin kafin 1944 uzuri, a ce gano ciwon da ba shi da magani ba ya ƙara wa majiyyaci komai sai fargaba. Uzuri ne mai ƙarfi, kuma abin da ya hana maganin tsoro ne mai tushe. Tun 1667 Niels Stensen ɗan ƙasar Denmark ya nuna cewa in aka ɗaure babbar jijiyar dabba, ƙafafunta na baya sai su shanye, domin lakar baya ba ta jure rashin jini. Ɗinkin jijiya da jijiya ba sabon abu ba ne, Alexis Carrel ya gwanance a kansa tun 1902 har ya sami kyautar Nobel a 1912, amma kafin a yanke awota a ɗinke dole a datse ta sama da ƙasa, kuma ba wanda ke son majiyyacinsa ya farka gurgu. A watan Agusta na 1938 Robert Gross na asibitin yara na Boston ya buɗe ƙirjin wata yarinya 'yar shekara 7 ya ɗaure wata 'yar jijiya da ke haɗa awota da jijiyar huhu, wadda ya kamata ta rufe da kanta bayan haihuwa ta ƙi. Ya yi aikin ne lokacin da maigidansa William Ladd ya tafi hutu, don ya san ba zai bari ba. Wannan ya kai hannun masu tiyata daidai unguwar da tsukewar take. Gross da Charles Hufnagel suka shiga gwaji a kan karnuka, Alfred Blalock da Edwards Park a Baltimore su ma suka gwada kewaye wurin da reshen hannun hagu, kuma shanyewar ƙafafun wasu karnukan ta sa kowa taka-tsantsan.

Clarence Crafoord na asibitin Sabbatsberg a Stockholm ya zo wa matsalar ta wata ƙofa. Ƙasarsa Suwidin ba ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu ba, asibitocinta na aikinsu, shi kuma ya riga ya yi suna wajen ciro gudan jini daga jijiyar huhu da fara amfani da heparin, maganin hana jini daskarewa, a kan majiyyata. Yana aikin 'yar jijiyar nan da Gross ya fara, sai ya riƙa datse awotar gaba ɗaya na ɗan lokaci don ya yi ɗinkinsa a natse, har a wani aikin datsewar ta kusa rabin awa, majiyyacin ya tashi da ƙafafunsa. Daga nan ya yi tunanin da ya bambanta shi da masu gwajin karnuka. Kare lafiyayye ba shi da hanyoyin kewaye, mai tsukewar awota kuwa ya shekara da shekaru yana gina su, don haka shi ne ya fi kowa iya jure datsewar. Ranar 19 ga Oktoba 1944, da goyon bayan likitan zuciya Gustav Nylin, ya buɗe ƙirjin wani yaro da bai wuce shekara 12 ba ta gefen hagu. Kowane yanka a bangon ƙirjin irin wannan majiyyaci jini yake yi sosai, saboda jijiyoyin da a jikin wani ba a ko lura da su a nan sun yi kauri, sai an bi su ɗaya bayan ɗaya an ɗaure. Ya ture huhu gefe, ya ware jijiyar daga naman da ke riƙe da ita, ya sa awartaki sama da ƙasa, ya yanke guntun da ya tsuke, ya jawo bakunan biyu ya ɗinke su da zaren siliki. Kusan awa biyu jijiyar na datse. Yaron ya tashi yana motsa ƙafafu, bugun jini kuma ya bayyana a cinyarsa. Bayan kwana 12 Crafoord ya sake yin aikin a kan wani manomi ɗan shekara 27, shi ma ya rayu.

Gross ya yi nasa a tsakiyar 1945. Majiyyacinsa na farko, ƙaramin yaro, ya mutu a kan tebur da aka saki awartakin gaba ɗaya, jini ya kwarara ƙasa a lokaci guda zuciya ta rasa abin bugawa. Na biyu, yarinya, aka saki a hankali cikin mintuna, ta rayu, kuma sakin a hankali ya zama ƙa'ida. Sai an tuna halin da maganin hawan jini yake ciki a lokacin ake gane girman abin. A watan Afrilu na 1945 shugaban Amurka Franklin Roosevelt ya mutu da fashewar jini a ƙwaƙwalwa bayan shekaru jininsa na hawa, likitocinsa ba su da abin ba shi da ya wuce hutu da rage gishiri da maganin barci da na ƙarfafa zuciya. Ƙwayar fitsari ta thiazide, wadda ita ce maganin farko mai sauƙin sha, sai ƙarshen shekarun 1950 ta fito. A duniyar da shugaban ƙasa mafi arziki ba shi da magani, ga wani nau'in hawan jini da ake yankewa a jefar. Ba abin mamaki ba ne likitocin wancan zamani suka riƙa neman sa da himma a jikin duk matashin da jininsa ya hau.

Sai dai ba a nan gizo yake saƙar ba. Da a ce matsewar kaɗai ce ke ɗaga jini, da cire ta ya isa. A 1957 Will Sealy na jami'ar Duke ya bayyana cewa jinin wasu yakan ƙara hawa ne a kwanakin farko bayan aiki, har da ciwon ciki mai tsanani. Wannan yakan wuce, amma ya nuna akwai wani hannu a lamarin. Tun 1898 Robert Tigerstedt da ɗalibinsa Per Bergman, a Stockholm ɗin dai, suka gano sinadarin renin a ƙoda, a 1934 kuma Harry Goldblatt a Cleveland ya nuna cewa in aka matse jijiyar ƙodar kare, jininsa sai ya hau ya zauna a sama. Ƙodar mai tsukewar awota tana ƙasan matsewar, a wurinta jinin jiki ya yi ƙasa, don haka take riƙe gishiri da ruwa tana neman a ƙara. A 1951 Scott da Bahnson na Johns Hopkins suka tabbatar da haka: suka tsuke awotar karnuka jini ya hau, suka ɗauke ƙoda suka dasa ta a wuya, sama da matsewar, suka cire ɗayar, jinin ya sauka alhali matsewar na nan. Bayan ƙoda akwai bangon jijiyoyin sama da ke yin tauri saboda daɗewa cikin matsi, da jijiyoyin wuya masu lura da ƙarfin jini da suka saba da babbar lamba har suka ɗauke ta daidai. Duk waɗannan suna ƙara kafuwa ne da shekaru, kuma wuƙa ba ta kai gare su. Asibitin Mayo ya buga lissafinsa a 1989, na majiyyata 646 da aka yi wa aiki tsakanin 1946 da 1981. Bayan shekara 10 kashi 91 cikin 100 na raye, bayan 20 kashi 84, bayan 30 kashi 72. Waɗanda suka mutu daga baya, matsakaicin shekarunsu 38 ne, kuma abin da ya fi kashe su toshewar jijiyoyin zuciya, wato aikin hawan jinin da ya daɗe. Waɗanda aka yi wa aiki kafin shekara 9 su suka fi daɗewa, kuma babu abin da ya kai shekarun yin aikin nuna wanda jininsa zai ci gaba da hawa.

Masu tiyata sun ji wannan, suka yi ta ja da baya zuwa ƙuruciya. A farkon shekarun 1950 John Kirklin a Mayo da William Mustard a Toronto suka yi aikin a kan jarirai, a 1957 Vossschulte a Jamus ya zo da yin faci a faɗaɗa wurin, a 1966 Waldhausen da Nahrwold suka yi amfani da reshen hannun hagu a matsayin facin. A tsakiyar shekarun 1970 aka sami maganin prostaglandin da ke riƙe 'yar jijiyar nan a buɗe har a kai jariri tebur, farkon shekarun 1980 aka fara zura balan-balan ta cinya a hura shi a wurin, farkon 1990 kuma aka fara barin ragar ƙarfe a ciki. Ta fuskar gyara, sana'ar ta yi abin da za ta iya. Amma tun 1903 Bonnet na Faransa ya lura majiyyatan iri biyu ne. Jaririn da matsewarsa ta yi tsanani yakan faɗi cikin mako na farko ko na biyu, da zarar 'yar jijiyar ta rufe: ya ƙi nono, numfashi ya yi sauri, jiki ya yi sanyi. Shi dole a gan shi, ko da za a fara ɗaukarsa a matsayin mai cutar jini. Ɗayan kuwa ba ya kuka, yana zuwa makaranta yana buga ƙwallo, kuma babu gwanintar tiyata da za ta amfane shi sai wani ya turo shi.

Abin da ake bukata a yi masa bai kai minti biyu ba. Ya kwanta rigingine, mai dubawa ya sa yatsun hannu ɗaya a wuyan hannunsa na dama, na ɗayan a gindin cinya inda take haɗuwa da mara. A jikin mai lafiya bugun biyu tare suke isowa. A jikin mai tsukewa na cinya ko dai babu shi, ko ya zo da rauni kuma a makare, saboda jinin ya biyo doguwar hanya ta haƙarƙari. Sai a auna jini a dantsen dama a kuma auna a ƙafa. Ga mai lafiya lambar ƙafa takan kai ta hannu ko ta ɗan fi ta, in kuwa ta hannu ta zarce ta ƙafa da 20 ko fiye, magana ta fito. A 1977 kwamitin masana na Amurka ya ba da shawarar a riƙa auna jinin yara tun daga shekara 3. Duk da haka, a 1996 likitocin zuciyar yara na jami'ar Columbia a New York suka duba yara 50 da suka wuce shekara ɗaya aka gano musu ciwon, suka tarar 2 kaɗai ne likitan da ya turo su ya kira ciwon da sunansa. Sauran an turo su ne don an ji ƙara a zuciya ko an ga jini a sama. Wannan a New York ne, shekara hamsin bayan Crafoord. Ina ganin yalwar ƙwayoyin hawan jini tana da hannu a wannan sakaci. Likitan 1950 da ba shi da abin bayarwa dole ya tambayi dalili, na yau kuwa yana da ƙwayoyi iri-iri masu araha, lamba ta ɗan sauka, kowa ya tafi gida, matsewar na nan daram.

Mai ja zai ce ciwon ba shi da yawa, kuma gaskiyarsa. Cikin manya masu hawan jini, waɗanda tsukewar awota ce sanadinsu ba su kai ɗaya cikin ɗari ba, kuma ko cikin yara ciwon ƙoda ya fi shi yawa, ga kuma ƙiba da ta sa hawan jinin manya ya fara sauka kan matasa. Likita zai iya taɓa cinya ɗari bai sami ko ɗaya ba. Amma ana auna gwaji ne da tsadarsa da abin da ake asara in an bar shi. Wannan ba ya cin kuɗi, ba ya ciwo, ba ya bukatar wutar lantarki, abin da ake asara kuma shekara talatin ko arba'in ne na ran mutum guda. Ba kuma kowa ake cewa a tuɓe ba. Jarirai ne, da yaro ko matashin da jininsa ya hau, da wanda ƙwaya uku suka kasa saukar masa da shi, da 'yan matan da ke da larurar nan ta gajarta da rashin balaga da Henry Turner ya bayyana a 1938, waɗanda kusan ɗaya cikin goma nasu ke da tsukewar. Nauyin da ke hana a duba na kunya ne da gaggawa, kuma duka biyun suna da magani: mace ta duba mace, uwa na tsaye, a ɗaura maɗaurin a ƙwauri in cinya ta yi nauyi.

Wani zai ce na'urori sun shafe zamanin yatsu. A nan ma tarihi bai goyi bayansa ba. Hoton ciki da ake yi wa masu juna biyu yana shan wahala da wannan ciwo fiye da yawancin nakasar zuciya, domin muddin jariri na ciki 'yar jijiyar nan a buɗe take, matsewar ba ta gama bayyana ba. 'Yar na'urar da ake maƙala wa jariri a hannu da ƙafa a auna iskar jininsa, wadda Amurka ta sa cikin gwaje-gwajen jarirai a 2011, tana kama cututtukan da ke sa jini ya yi duhu, jinin mai tsukewar awota kuwa sau da yawa ja ne jawur, shi ya sa wannan ciwo yake kan gaba cikin waɗanda ke kuɓuce mata. Hoton zuciya yana nuna shi sarai, amma sai an yi zargi ake aikawa a yi hoton. Har yatsun ma suna iya ruɗuwa a ranar haihuwa, tunda kafin jijiyar ta rufe ana iya jin bugu a cinya. Saboda haka ne a Ingila ake taɓa cinyar jariri cikin kwana uku na farko, a sake taɓawa tsakanin mako 6 da 8.

Ja mafi ƙarfi shi ne wanda ke fitowa daga cikin hujjar kanta. Ko waɗanda aka yi wa aiki suna jarirai, wani kaso nasu jininsu yakan hau in sun girma, kuma fiye da rabin masu ciwon an haife su da murfin awota mai ganye biyu maimakon uku, kimanin ɗaya cikin goma na manyansu kuma suna da ɗan kumburin jijiya a ƙwaƙwalwa. Wannan na nuna larurar ta bangon jijiyoyi ce gaba ɗaya, matsewar kawai ita ce inda ta fi fitowa fili, don haka gano ta da wuri ba ya mai da mutum kamar wanda bai taɓa yin ta ba. Na yarda da wannan duka. Abin da ya rage shi ne bambancin da alƙaluman Mayo suka nuna tsakanin ɗan shekara 8 da ɗan shekara 28, kuma bambanci ne da babu mai musun sa. Abin da jan ya ƙara shi ne cewa kalmar warkewa da aka yi saurin furtawa a shekarun 1950 ta cutar da mutane, domin da yawa an sallame su daga asibitin yara ba a ce su dawo ba, suka ɓace shekara ashirin, suka dawo da zuciya ta yi kauri ko wurin faci ya kumbura.

Ciwon ba ya zaɓen ƙasa, kuma a ƙasashe masu zafi akwai ƙarin wani da ke tsuke awota bayan haihuwa, kumburin bangon jijiya da ake kira da sunan likitan ido na Japan Mikito Takayasu tun rahotonsa na 1908, wanda ya fi kama 'yan mata, shi ma bambancin bugu tsakanin gaɓoɓi ne ke fara tona shi. A garuruwanmu awon jini ya sauka har kemis, da na'urar batir da maɗauri ɗaya na manya, kuma saurayin da aka ga jininsa a sama an fi ce masa ya rage tunani da gishiri, a haɗa masa ƙwaya. Alhali jariran da ake kaiwa rigakafi a mako na 6 da na 10 da na 14 a cinya ake yi musu allurar, tsakanin wurin allura da wurin bugun kuwa bai kai tsawon yatsa ba. Aikin gyaran ma yawanci ta gefen ƙirji ake yin sa ba tare da injin da ke karɓar aikin zuciya da huhu ba, don haka ya fi buɗe zuciya sauƙin kayan aiki. Babban da aka gano a makare shi ma ana yi masa, da wuƙa ko da ragar ƙarfe, kuma jininsa yakan sauka ko ya fi jin magani. Bayan aikin sai awo har ƙarshen rayuwa, a dantsen dama, domin wanda aka yi wa faci da reshen hannun hagu, ko wanda matsewarsa ta shafi bakin reshen, hannunsa na hagu yakan ba da lamba ƙasa da ta gaskiya.